Mabuɗin Banɗakin Mata

A ofishinmu da ke GRA, banɗakin mata mabuɗi ɗaya gare shi, kuma a durowar Hajiya yake zama. An ɗaure shi da igiya a jikin wani guntun katako, don kada wata ta jefa shi a jaka ta tafi da shi gida. Duk wadda fitsari ya matsa sai ta tashi, ta ratsa dogon ɗakin nan da muke zaune maza da mata, ta tsaya gaban teburin Hajiya ta ce, "Hajiya, mabuɗi." Ita kuwa ba ta san gaggawa ba. Sai ta kai ƙarshen layin da take karantawa, ta sauke tabarau, ta dube ki sama da ƙasa, sannan ta ja durowa. Durowar kuma ƙara gare ta, ƙiiii, yadda duk wanda ke ɗakin sai ya san inda za ki.

Hajiya ita ce babbarmu a mata, a shekaru da a muƙami. Bakatsiniya ce ta cikin gari, doguwa, marar yawan dariya. Ita ta sa aka kulle banɗakin tun kafin a kawo ni ɗakin, saboda masu zuwa bin fayil sun mayar da shi na kasuwa. Ba ƙawata ba ce. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, irin doguwar nan da za a tambayi gida da yara da gajiya da zafi, a rabu ba wadda ta san halin da 'yar'uwarta take ciki. Kuma in faɗi gaskiya, haushin durowar nan nake ji. Mace da girmanta, da 'ya'yanta, a ce sai ta nemi izini kafin ta tsuguna.

Ni iyayena 'yan kudancin Kaduna ne. Aikin gwamnati ya kawo mahaifina Katsina, a nan na yi wayo, a nan na yi aure. Kirista ce ni. A shekarar da nake magana an riga an mayar da maigidana Jos, yara sun bi shi saboda makaranta, ni kuma na tsaya in ƙarasa shekarun aikina. Ɗaki biyu na kama a wajen Ƙofar Marusa. In na dawo aiki na buɗe ƙofa, yadda na bar kofin shayina da safe haka nake tarar da shi, da cokalin a ciki. Na koyi kunna rediyo ba don in saurara ba, don dai in ji muryar mutum a ɗakin.

Saura 'yan watanni azumi, wani ciwo ya kama ni a kwiɓin hagu wanda ko a naƙuda ban ji irinsa ba. Aka yi mini hoton ciki, likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda. Ɗaya ta fita da kanta, da ƙyar da hawaye, amma akwai wata ƙarama da ta rage a ciki. Ya juya bayan takarda ya zana mini abu biyu masu kama da ƙwayar wake. Ya ce aikinsu tace jini ne su fitar da dattin ta fitsari, kuma da ruwa suke wannan aiki. In ruwa ya wadata a jiki, sai su saki fitsari mai yawa, fari-fari, ya wanke hanya. In ya yi ƙaranci, sai su riƙe ɗan abin da ke akwai, fitsari ya ragu, ya yi duhu, gishirin da ke cikinsa ya riƙa haɗuwa yana daskarewa har ya zama tsakuwa.

"Wannan da ta rage," in ji shi, "in kina ba ta ruwa, ko dai ta fita ko ta zauna lafiya. In kin hana ta, wata rana za ta toshe hanya, kuma ƙodar ce za ta ji jiki. Abu biyu nake so, Madam. Ki riƙa tafiya da ƙafa, don nauyin nan ya ragu, jinin ma ya sauka. Ki kuma riƙa shan ruwa, kada ki jira sai ƙishi ya kama ki. Amma ki sani, duk gumin da kika yi a hanya daga rabon ƙoda aka ɗebe shi, sai kin mayar mata. In kin shiga banɗaki ki duba kafin ki kora. In kin ga kalar shayi, ruwa bai isa ba."

Na riƙe maganar nan gam. Na samu gora babba, na daina hawa abin hawa, kullum da safe in tako daga Ƙofar Marusa har ofis, ina bin inuwar itatuwan bedi inda ta samu. Sannu a hankali na fara gane jikina. Ranar da na yi sauri na iso sharkaf da gumi, sai na kusa shanye gorar kafin fitsari ya zo, kuma na farkon da duhunsa. Ranar da gari ya yi sanyi na tako a hankali, kofi biyu sun isa su tashe ni daga kujera. Ko ta yaya dai, ni da teburin Hajiya muka zama kamar kasuwa da ɗan aike, in je in dawo, in je in dawo.

"Madam," ta ce wata rana tana miƙo katakon, "ko dai in bar maki durowar baki ɗaya?"

Na ce, "In za ki haɗa mini da kujerar, Hajiya, ina so. Likita ne ya ɗora mini shan ruwa saboda ƙoda, ba yawon shan iska nake zuwa ba."

Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Ranar da na fara ganin fitsarina ya yi fari tas da tsakar rana, daɗi na ji sosai, abin dariya. Na rasa wanda zan gaya wa. Da yamma na faɗa wa maigida a waya, ya ce, "To, madalla," ya shiga maganar ƙaramarmu da ta ƙi karatu.

Sai azumi ya kama, a tsakiyar bazara, lokacin da iskar Katsina ke bugowa kamar daga bakin murhu. Shekarun baya azumi bai taɓa damuna ba, don a wani ƙaramin ofis nake tare da wata 'yar Filato, ita ma Kirista. Mukan tura ƙofa mu ci gyaɗarmu mu sha ruwanmu, mu goge baki mu buɗe. A wannan shekarar ta yi ritaya ta koma gida, ni kuma aka kwaso ni babban ɗaki, inda ni kaɗai ce ba na azumi.

Ranar ɗaya ga wata na iso a jiƙe, na zauna, na ciro gora kamar kullum. Ina murɗa murfin ya yi 'yar ƙara, sai na ji ɗakin ya yi tsit. Wataƙila ma dama shiru ake yi, ni ce na ji haka. Akwai wani dattijo da teburinsa ke kallon nawa, Malam muke ce masa, shi ke kula da shiga da fitar fayil. Bai ɓata rai ba. Kansa kawai ya juya wajen taga don ya ba ni wuri in sha. Wannan juya kan shi ya gama da ni. Na mayar da murfin, na tura gorar cikin jaka.

Ba wanda ya hana ni, ina so a san wannan. Tarbiyyar gidanmu ce. Tun muna yara a cikin unguwar Musulmi, in azumi ya zo ko rake ba ma sha a ƙofar gida. Mahaifiyata takan ce mutanen da za su aiko maka da kunu da ƙosai da magariba, ba ka tauna abu a gabansu da rana. Kara ce, kuma da ita muka zauna lafiya da maƙwabta. Da ita na girma, ba abin da zan cire ba ne in ajiye don likita ya yi magana.

Za a ce me ya hana in je banɗaki in sha. Allah ya kiyaye, ni ba na shan ruwa a inda nake tsuguno. Waje kuwa daga masinja sai direbobi a gindin bedi, duk da azumi a bakinsu. Sai na ce to, bari in cika cikina tun daga gida. Na gwada kwana biyu, abin ya fi muni. A watan azumi durowar Hajiya hutu take yi, tunda matan ba sa sha da rana, ba mai tashi sai lokacin alwalar azahar. Ni kaɗai ce ƙiiii da hantsi, ƙiiii kafin azahar, kamar ina shela cewa ga mai ruwa a ciki. Sai na rage na safen ma, na koma kurɓa ɗaya ta haɗiye maganin hawan jini.

Tafiyar ƙafa kuwa ban fasa ba. A cikin abu biyun da likita ya ce, ita ce wadda ba ta shiga idon kowa, ga shi rigunana sun fara yi mini yawa, ina jin daɗi. A azumi da wuri ake tashi aiki, don haka da rana tsaka nake takawa gida. Su masu azumin sun yi sahur, sun sha ruwa sun ƙoshi kafin asuba, a mota ko babur suke tafiya, da magariba kuma su zauna cikin iyalinsu ana miƙa musu kofi. Ni ba sahur, ba mai miƙo mini komai. In isa gida kaina na sarawa, in ɗaga kofi ɗaya ko biyu in zube a katifa, sai kiran sallar magariba ya tashe ni. Maƙwabciyata takan aiko da kunun tsamiya, in sha a tsaye a bakin ƙofa ina jin hayaniyar gidansu ta katanga. A wannan lokacin ne kewa ta fi cina.

Ina dubawa kamar yadda likita ya ce, ba wai ban gani ba. Daga fari ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya koma shayi, ɗan kaɗan, da zafi wajen fita. Kullum sai in ce gobe zan gyara, ai watan ya kusa ƙarewa.

Azumi ya wuce rabi, wata rana da hantsi Hajiya ta ɗaga murya ta ce, "Madam, zo." Na je. Ta ja durowa, ta ɗora katakon a kan tebur a gaban kowa.

"Mabuɗin nan ya kwana biyu bai gan ki ba. Lahiya?"

"Lafiya lau."

"Ina gorar taki?"

"Ba na jin ƙishi, Hajiya."

"Ki ji tsoron Allah, Madam. Leɓenki ya fi nawa bushewa. Mi kika ce likita ya ce maki?"

Raina ya ɓaci. Gani na yi ina ta wahala don in girmama su, ita kuma ta kwance mini zani a gaban maza. Na ce, "Hajiya, yanzu har fitsarin mutum sai an sa masa ido a ofishin nan?"

Malam ya sunkuyar da kai cikin fayil. Hajiya ta dube ni, ta mayar da katakon, ta tura durowa. "Allah ya ba ki haƙuri," kawai ta ce. Har yau ina ganin da ta ja ni gefe ta faɗa, da wataƙila na ji. Wataƙila kuma da ban ji ba, don na san halina.

Bayan 'yan kwanaki na tashi da safe na ga abin da ya fita ja ne, kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Duk da haka na je aiki da ƙafa. A hanyar dawowa, dab da tsohuwar ganuwa, ciwon ya cake ni a kwiɓin hagu ya gangara har mara. Na zauna a dakalin wani shago da ke rufe. Titi ba kowa, a irin wannan lokacin duk mai azumi ya samu inuwa ya kwanta. Na yi amai, sannan sanyi ya rufe ni, haƙorana na haɗuwa a cikin wannan rana. Tsoro na ji ƙwarai, ba na mutuwa kawai ba, na a ce na mutu a bakin titi sai an kwana ana neman wanda ya san ni. Wani mai kurkura, keken hayan nan mai ƙafa uku, shi ne ya wuce ya dawo da baya, ya ce, "Mama, lahiya?" Shi ya kai ni asibiti.

Tambayar farko da nas ta yi mini ita ce, "Ina mai jinyarki?" A asibitinmu marar lafiya da mutum yake zuwa, mai karɓo magani, mai ɗebo ruwa, mai riƙe shi zuwa banɗaki. Na ce yana hanya. Maigida bai samu damar tasowa ba sai ƙarshen mako. Matan cocinmu sun zo sun yi mini addu'a, sun ajiye lemo da ayaba, suka koma gidajensu, don kowace da nata nauyin.

Likita ya yi faɗa sosai. Ya ce tsakuwar ta gangaro ta toshe hanya, fitsari ya taru a baya, ƙodar ta kumbura, cuta kuma ta shiga. Aka kai ni ɗakin tiyata aka buɗe hanyar, aka ɗaura mini ƙarin ruwa. Da na fara dawowa hayyacina aka ce in riƙa sha da baki, da yawa. To wa zai ɗebo? Masu jinyar gadajen da ke kusa da ni mutanen kirki ne, amma duk azumi suke, ni kuwa bakina ya ƙi buɗewa in aiki mai azumi ɗebo ruwa. Sai in yi ta kallon kofina babu komai a ciki.

Ina cikin wannan kallon ne, da rana tsaka, na ga doguwar mace ta shigo da mayafi, riƙe da babban jug. Hajiya ce. Ta gaida masu gadaje ɗaya bayan ɗaya, ta iso nawa, ta ja kujera. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, karo na farko tun da na san ta. Ta cika kofi ta miƙo.

"Sha."

Na ce, "Hajiya, kina azumi fa."

"Na sani, ai ni ke yin shi."

Na dubi leɓenta, ya yi fari ya tsattsage. Na ce ta ajiye, in ta tafi zan sha.

"Ba inda za ni," ta ce. "Azumina nawa ne, ni aka ɗora wa, kuma ina da lada. Ke kin ɗauki wanda ba a ɗora maki ba, ba sahur, ba lada, sai asibiti. Wa ya ce maki in kin sha ruwa namu ya karye? Karɓi."

Na karɓa, ta riƙe mini gindin kofin. Na jira ta juya kai wajen taga kamar yadda Malam ya yi, ba ta juya ba. Idonta a kaina har na shanye, ina jin ƙarar maƙogwarona a kunnena, hawaye na zuba cikin kofin. Abin da na yi makonni ina gudu ke nan, shan ruwa a gaban mai azumi. Ta sake cikawa.

Ba ta tafi ba sai da fitsari ya zo. Ta kama ni, ta riƙe ledar ƙarin ruwan sama, ta raka ni har ƙofar banɗaki ta tsaya. Ina ciki na ji muryarta.

"Wane kala?"

Kunya ta kama ni, dariya ma ta kama ni, ɗinkin jikina na zafi. Na ce, "Shayi, Hajiya."

"To, da saura."

Kullum in an tashi aiki sai ta biyo da jug ɗinta kafin ta wuce gida dafa abin buɗa-baki. Ba ma hira. Ba ta taɓa tayar da maganar da na gaya mata a ofis ba, ni ma ban tayar ba. Ta cika, in sha, ta raka ni, ta tambaya. Maigida ya zo ya yi kwana biyu ya koma, ita ba ta fasa ba. Ranar da na ce mata ya yi fari, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ɗauki mayafinta, ta bar mini jug ɗin. Ba ta ƙara zuwa ba.

Kafin a sallame ni likita ya gaya mini gaskiya. Ƙodar hagu ta ji rauni, ba za ta koma yadda take ba, ta dama ce za ta ɗauki mafi yawan aikin har ƙarshen rayuwata. Ya ce ba ni da sauran wadda zan yi wasa da ita. Tafiyar ƙafa in mayar da ita da sassafe, in daina ta tsakar rana, gora kuma kada ta rabu da hannuna ko wane wata ne.

Na koma aiki bayan salla. Muka koma yadda muke, gaisuwa da "Hajiya, mabuɗi." Sai dai in hantsi ya ɗaga ban tashi ba, sai in ji ƙiiii daga can ƙarshen ɗaki, ta ja durowar ta bar ta a buɗe, ba ta ko ɗago kai. Sai in ɗauki gora.

Kafin wani azumin ya zagayo ta yi ritaya, ta koma wajen ɗanta a wani gari. Ban karɓi lambar wayarta ba, don ba mu saba irin wannan ba, kuma na ɗauka za ta riƙa leƙowa. Wadda ta gaje ta matashiya ce, mai fara'a. Ta ce wannan neman izinin tsohon yayi ne, ta sa aka kafa ƙusa a bakin ƙofa aka rataye katakon. Duk mai so ta ɗauka, ba tambaya, ba ƙara. Mata suka yi ta murna, ni ma na ce madalla, tunda abin da na daɗe ina so ke nan.

Yanzu in azumi ya zo ina shan ruwana. Nakan ɗan juya kujera wajen bango, iyakar karar da ta rage mini ke nan. Amma a azumin da ya wuce akwai ranar da aiki ya yi mini yawa, ban ɗago ba sai da na ji ana jan kujeru ana sallama. Na buɗe jaka zan saka tabarau, sai ga gora a cike, yadda na zo da ita. Na dubi ƙusa, ga katakon nan a rataye, tun safe ban taɓa shi ba. Mutum sama da goma muka wuni a ɗakin, ba wanda ya lura.

Na jira kowa ya fita. Na tsaya a gaban tsohon teburin Hajiya na shanye gorar, sannan na kashe fanka na ja ƙofa.